Me Ya Sa Mutum Yake Komawa Tsohon Sabonsa Idan Ya Shiga Matsi?

Me ya sa mutumin da ya yi wata shida bai ɗora sigari a bakinsa ba yake komawa mata a makon da aka sallame shi daga aiki? Me ya sa mai ciwon sukari, wanda likita ya yi wa bayani dalla-dalla kuma ya fahimta, yake tsintar hannunsa a cikin kwanon da aka hana shi a ranar da rikicin gida ya yi tsanani? Amsar da aka fi ji a bakin jama'a ita ce rashin ƙarfin zuciya, ko kuma a ce dama can halinsa ke nan, ai hali zanen dutse ne. A shafukan sada zumunta kuma ana yawan jin wata amsar, cewa damuwa tana kashe tunani ɗungurungum, saboda haka mutum ba shi da hannu a cikin abin da ya aikata. Binciken da masana halayyar ɗan Adam da masana ƙwaƙwalwa suka shafe sama da shekara arba'in suna yi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin biyun ba. Abin da ya nuna shi ne, akwai hanyoyi biyu da ƙwaƙwalwa take bi wajen fitar da aiki, kuma matsi yana iya karkatar da ragama daga ɗaya zuwa ɗaya.

Aiki guda, tushe biyu

Aiki mai manufa shi ne wanda mutum yake yi domin ya san abin da zai haifar, kuma yana son abin a wannan lokacin. Mai jin ƙishirwa ya nufi randa saboda ya san akwai ruwa a ciki; da za a ce masa ruwan ya ƙare, ko kuma ƙishirwar ta gushe, da ya fasa. Sabo kuwa aiki ne da wani abu a muhalli yake tayar da shi kai tsaye, ba tare da an tsaya auna sakamakonsa ba: wuri, ko lokaci, ko mutanen da ake tare da su, ko ma wani yanayi na zuciya. Duk wanda ya taɓa shiga ɗaki ya danna makunnin fitila alhali ya san an ɗauke wuta tun safe ya ga sabo tsirara. Sanin cewa babu wuta yana nan a kansa, amma hannun ya riga sanin isa bango.

Wahalar ita ce, idan ana kallo daga waje, ba a iya bambance su. Mutum biyu za su iya yin aiki iri ɗaya, ɗaya da manufa, ɗaya da sabo. Hanyar ganewa ita ce a rage wa sakamakon daraja, sannan a ga wanda zai fasa. Wannan dabara ce Christopher Adams da Anthony Dickinson suka kafa a Jami'ar Kambirij ta Ingila a farkon shekarun 1980. An koya wa ɓeraye danna wani ɗan ƙarfe domin su sami ƙwayar sukari. Daga baya aka riƙa ba su sukarin tare da wata allura mai sa tashin zuciya, har suka tsane shi, ko an ajiye musu ba sa ci. Da aka mayar da su gaban ƙarfen, waɗanda suka danna shi sau 100 kawai a lokacin horo sun rage dannawa sosai, domin abin da yake kawowa ya fita daga ransu. Waɗanda suka danna sau 500 kuwa suka ci gaba da dannawa, duk da cewa su ma ba sa ƙaunar sukarin. Yawan maimaici ya raba aikin da dalilinsa na asali.

Inda kowanne yake zaune a ƙwaƙwalwa

A 1996 Mark Packard da James McGaugh suka wallafa wani gwaji a Amurka wanda har yau ake koyar da shi. An gina wa ɓeraye hanya mai rassa huɗu. Kullum ana sakin ɓera daga reshen kudu, abinci kuma yana reshen yamma, saboda haka sai ya juya hagu kafin ya kai gare shi. A rana ta 8 aka sake su daga arewa. Yawancinsu suka nufi yamma, inda abincin yake, ko da yake hakan ya buƙaci su juya dama. Sun riƙe taswirar wurin a kansu. A rana ta 16 aka sake gwadawa daga arewa, sai yawancinsu suka juya hagu kamar kullum, suka ɓulle gabas inda babu komai. Abin da ya fi muhimmanci ya zo ne da aka ɗiga maganin kashe zafi a wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa mai suna sitirayatum, aka dakatar da aikinsa na ɗan lokaci: ɓerayen rana ta 16 suka koma bin taswira, suka nufi yamma. Ashe sanin wurin bai goge ba, sabo ne ya rufe shi.

Binciken Henry Yin da Barbara Knowlton da Bernard Balleine a 2004 da 2005 ya ƙara rarrabe lamarin. Sitirayatum ɗin nan yana da ɓangarori. Ɓangaren da ya fi kusa da tsakiya yana aiki tare da sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake bayan goshi, wajen riƙe alaƙar aiki da sakamakonsa. Ɓangaren gefe kuma yana da haɗi da sassan da ke sarrafa motsin gaɓoɓi, shi ne matattarar sabo. Idan aka lalata na gefe, dabba ba ta yin sabo komai yawan horo. Idan aka lalata na tsakiya, sai ta riƙa aiki kamar mai sabo tun horon bai yi nisa ba.

Ann Graybiel ta cibiyar fasaha ta MIT da abokan aikinta sun saurari ƙwayoyin jijiya na wannan sashe yayin da ɓera yake koyon hanya. Da farko ƙwayoyin suna aiki tun daga farkon tafiyar har ƙarshenta. Da tafiyar ta zama jiki, sai aikinsu ya tattaru a wuri biyu, mafari da ƙarshe, tsakiya kuma ta yi tsit, kamar an ɗaure dukkan matakan a ƙunshi guda wanda da zarar an kwance bakinsa sai ya tafi har ƙarshe. Shi ya sa tsayar da sabo a tsakiyarsa yake da wuya fiye da hana shi farawa, kuma wannan batu zai dawo idan aka zo kan abin da mutum zai iya yi.

Abin da matsi yake yi wa jiki

Matsi a nan yana nufin yanayin da jiki yake shiga idan ya hangi barazana, ko buƙatar da ta fi ƙarfin abin da yake hannu, musamman idan mutum ba shi da iko a kanta kuma bai san lokacin da za ta ƙare ba. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana shirin faɗa ko gudu tun a 1915, Hans Selye kuma ya nuna a 1936, a birnin Montreal na Kanada, cewa cutarwa iri-iri tana haifar da martani iri ɗaya a jikin dabba.

Martanin yana zuwa ne zango biyu. Cikin 'yan sakanni jijiyoyi suna sa a saki sinadaran adirenalin da noradirenalin: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, tafin hannu ya jiƙe. Zango na biyu ya fi jinkiri. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna hifotalamus yana aika saƙo ga wata ƙaramar halitta da ke rataye a ƙarƙashinsa, ita kuma ta aika saƙo ta cikin jini zuwa ga wasu halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki sinadarin kotizol, wanda yake kai ƙololuwa bayan kimanin minti 20 zuwa 30. Kotizol yana ratsawa ya shiga ƙwaƙwalwa.

Sashen bayan goshi, inda ake riƙe bayanai na ɗan lokaci ana jujjuya su, ana auna zaɓi, ana kuma danne abin da zuciya ta fara rayawa, ya fi kowane sashe saurin jin wannan canji. Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta nuna cewa yana buƙatar noradirenalin da wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin daidai gwargwado. Idan sun yi kaɗan, mutum yana cikin kasala da gyangyaɗi. Idan sun yi daidai, hankali yana tattaruwa. Idan suka yi yawa, sai haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin sashen ya yi rauni. Wannan yawan da yake raunana goshi, shi ne kuma yake ƙarfafa amigdala, cibiyar tsoro, da sassan sabo. Saboda haka ɗan matsi kaɗan yana iya kaifafa tunani, mai yawa ne yake dakushe shi.

Gwajin ruwan ƙanƙara

Shahararren gwaji a kan mutane shi ne na Lars Schwabe da Oliver Wolf a Jami'ar Bochum ta Jamus, wanda aka wallafa a 2009. An raba mahalarta gida biyu. Rukuni na farko aka sa kowa ya tsoma hannunsa a ruwan ƙanƙara har zuwa minti uku, ana ɗaukarsa a kyamara, ga kuma wani tsaye a kansa yana kallonsa fuska a murtuke. Rukuni na biyu suka tsoma hannu a ruwan ɗumi, babu kyamara. Bayan haka kowa ya zauna gaban kwamfuta yana zaɓen alamomi, ana ɗiga masa abin sha a baki ta wani siririn bututu: wata alama tana yawan kawo madara mai cakulan, wata kuma ruwan lemo. Da suka koya, sai aka ba kowa ɗaya daga cikin biyun, ko lemo ko kunun cakulan mai kauri, ya ci har ya gundure shi. Aka mayar da su gaban kwamfuta. Mutanen ruwan ɗumi suka rage zaɓen alamar abin da ya gundure su. Mutanen ruwan ƙanƙara suka ci gaba da zaɓenta, alhali da bakinsu sun ce ba sa sha'awar abin kuma. Da aka tambaye su wace alama ce take kawo me, su ne suka fi kasa bayani.

Masu binciken sun bi sawun lamarin da magunguna. Da aka ba mutane maganin da ke ɗaga kotizol shi kaɗai, ba su karkata zuwa sabo ba. Da aka ba su wanda ke ɗaga noradirenalin shi kaɗai, haka nan. Sai da aka haɗa biyun karkatar ta bayyana. A 2011 kuma suka nuna cewa maganin da ke toshe tasirin noradirenalin, irin wanda ake bai wa wasu masu hawan jini, ya hana karkatar a wurin waɗanda aka tsoma wa hannu a ƙanƙara. Wannan hujja ce a kan yadda abin yake aiki a ɗakin gwaji, kada kowa ya ɗauke ta a matsayin izinin zuwa kemis.

Idan matsin ya daɗe

Minti uku a cikin ƙanƙara ba ya kama da rayuwar mai bashi a wuya, ko mai jinyar mahaifi shekara da shekaru. A kan matsi mai daɗewa, aikin da aka fi ambata ya fito ne daga Jami'ar Minho ta ƙasar Fotugal a 2009, daga Eduardo Dias-Ferreira da Rui Costa da Nuno Sousa da abokan aikinsu. Sun sa ɓeraye cikin takura na kwana 21, kullum da irin wadda za ta zo ba tare da sun san wacce ba: yau a matse su a cikin bututu, gobe a tilasta musu iyo, jibi a haɗa su da ɓeran da ya fi su ƙarfi. Bayan haka ɓerayen suka faɗa sabo da wuri, a matakin horon da 'yan'uwansu marasa takura suke kan aiki da manufa. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu, rassan ƙwayoyin jijiya na sashen gaba da na tsakiyar sitirayatum sun ƙanƙance, na ɓangaren gefe kuwa sun ƙara yaɗo. Matsin ya sake fasalin kayan aikin da kansu.

A 2012 masu bincike na wannan jami'a suka duba ɗaliban likitanci da suka kwashe watanni suna shirin jarrabawar neman gurbin ƙwarewa. A lokacin matsin, zaɓinsu ya karkata zuwa sabo, hoton ƙwaƙwalwa kuma ya nuna sauyi mai kama da na ɓerayen. Bayan mako shida da gama jarrabawa aka sake duba su, sai aka tarar lamarin ya koma daidai. Mahalartan ba su da yawa, don haka ba a gina katanga mai tsawo a kan wannan sakamako, amma ya isa ya karya maganar cewa damuwa tana lalata ƙwaƙwalwa har abada, aƙalla ga matashi mai lafiya wanda matsinsa yake da ranar ƙarewa.

Shin aibi ne a halitta?

A ganina kuskure ne a ɗauki wannan karkata a matsayin lahani. Auna zaɓi yana cin lokaci kuma yana cin hankali, mai fuskantar haɗari kuwa ba shi da ko ɗaya a wadace. Direban da yaro ya faɗo masa titi ba ya buƙatar nazari, ƙafar da ta san birki yake buƙata. Wannan ne dalilin da ake sa matuƙan jirgin sama da sojoji da ma'aikatan ɗakin gaggawa na asibiti su maimaita matakai iri ɗaya har su gaji da su, domin a ranar firgici abin da aka fi maimaitawa shi ne zai fito. Matsala tana zuwa ne idan duniya ta canza sabo bai canza ba. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta sauya tuƙi daga hannun hagu zuwa hannun dama. Kowane direba ya san sabuwar doka a wannan safiya, amma sanin doka bai isa ya sauya hannun da ya shekara ashirin yana bin hagu ba, kuma lokacin da aka fi jin tsoron tsohon hannu shi ne lokacin gaggawa a mararraba.

Akwai kuma wani ɓangare da ake yawan mantawa. David Neal da Wendy Wood da Aimee Drolet sun bi ɗaliban wata jami'a a Amurka tsawon zangon karatu, suka wallafa sakamakon a 2013. A makonnin jarrabawa ɗalibai sun ƙara riƙo da sabonsu, mai kyau da marar kyau baki ɗaya. Wanda ya saba karin kumallo mai gina jiki ya ƙara manne masa, wanda ya saba da kayan zaƙi shi ma haka, wanda ya saba zuwa motsa jiki ya ƙara zuwa duk da ƙarancin lokaci. Ke nan matsi ba ya zaɓen mummuna, mafi tsufa da mafi yawan maimaici yake ɗauka. Wanda ya ce a lokacin wuya ake gane ainihin mutum ya faɗi rabin gaskiya. Abin da ake gani a lokacin shi ne abin da mutumin ya fi yi a baya, kuma wannan yana iya saɓa wa abin da ya yi imani da shi yake kuma ƙoƙarin zama.

Inda masana suka saɓa

Wajibi ne a faɗi cewa hujjar ta fi ƙarfi a kan dabbobi fiye da mutane. A 2018 Sanne de Wit ta Jami'ar Amsterdam da abokan aikinta suka ba da rahoton gwaje-gwaje biyar da aka yi ƙoƙarin haifar da sabo a jikin mutane ta hanyar yawan horo, kamar yadda aka yi wa ɓeraye, kuma duka biyar ba su nuna haka ba. A 2023 Tom Smeets da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka maimaita gwajin ruwan ƙanƙara sau biyu, suna bin tsarinsa sau da ƙafa. Ba su ga bambanci tsakanin rukunan ba, domin hatta waɗanda ba a takura wa ba sun ci gaba da zaɓen abin da ya gundure su, abin da ya sa ma'aunin kansa ya shiga cikin zargi.

Masu kare ra'ayin farko suna cewa laifin na ma'auni ne. Mutum yana da ƙarfin danne sabo idan aka ba shi ko da ɗan lokaci kaɗan, don haka sabon yana nan amma ba ya fitowa fili. Gwajin Robert Hardwick da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins a 2019 ya ƙarfafa wannan. Mutane sun yi kwanaki suna koyon wane maɓalli ne na wace alama, sannan aka sauya tsarin. Idan aka bar su su amsa a natse, suna bin sabon tsari daidai. Idan aka tilasta musu amsa cikin kusan rabin sakan, tsohon maɓalli ne yatsa yake dannawa. Haka kuma Ross Otto da abokan aikinsa sun gano a 2013 cewa matsi bai shafi kowa daidai ba: waɗanda suke da ƙarfin riƙe bayanai da yawa a kai lokaci guda sun fi tsira daga tasirinsa.

Wani ɓangaren masana, irin su Agnes Moors ta Jami'ar Leuven a Beljiyam da Lee Hogarth na Jami'ar Exeter a Ingila, suna ganin an yi saurin kiran abubuwa da yawa sabo. A wurinsu, wanda ya koma sigari ranar baƙin ciki bai rasa manufa ba, manufarsa ce ta sauya: a wannan sa'a neman sauƙin zuciya ya fi masa lafiyar huhu ta shekara goma masu zuwa nauyi. Wannan ya saɓa wa bayanin Barry Everitt da Trevor Robbins na Kambirij, waɗanda tun 2005 suke cewa shaye-shaye yana farawa da zaɓi, ya koma sabo, ya ƙare a tilas. Ni ina ganin kowanne ya riƙe wani yanki na lamarin. Hannun da ya laluba aljihu ya zaro kwali kafin mai shi ya farga, sabo ne. Ƙafar da ta yi tafiyar rabin awa cikin dare, ta ci bashi, ta nemo mai sayarwa a lungu, wannan aiki ne mai manufa, ko da manufar mai halakarwa ce. Bambancin yana da amfani a aikace, domin na farko yana buƙatar a raba mutum da abin da ke tayar masa da sabon, na biyu kuma yana buƙatar a magance raɗaɗin da yake gudu.

Abin da wannan yake nufi ga jama'a

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. Gidaje da yawa sun san labarin yaron da aka kai gidan gyaran hali ya fito tas, ya yi wata biyu, sannan ya koma. Ana yawan fassara wannan da cewa gyaran bai shige shi ba. Amma an mayar da shi unguwa ɗaya, majalisa ɗaya, zaman banza ɗaya, ga kuma gorin 'yan'uwa da ya ƙaru a kai. An haɗa masa abin da ke tayar da sabo da matsin da ke raunana sashen goshi mai danne shi a lokaci guda. Binciken Lee Robins a kan sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a 1971 ya nuna ƙarfin muhalli: kusan kashi 20 cikin ɗari sun kamu da hodar heroyin a can, amma cikin waɗanda suka kamu, kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko bayan komawa gida, inda babu yaƙin, babu abokan shan, babu kuma ƙwayar a arha. Dangin da suke iya sauya wa mai murmurewa wurin zama, ko su cika masa sa'o'in da ya saba fita da wani aiki, sun yi abin da dogon faɗa ba zai yi ba.

Ƙarfin wuri yana bayyana ko a ƙananan abubuwa. A wani gwaji na Neal da Wood a 2011, an raba wa masu kallo a sinima gugguru, wasu sabo, wasu wanda ya kwana bakwai. Waɗanda suka saba cin gugguru a sinima sun ci tsohon kamar yadda suka ci sabon, duk da sun ce ba shi da daɗi. Da aka yi gwajin a ɗakin taro, ko aka ce su ci da hannun da ba su saba ci da shi ba, sai ɗanɗano ya dawo yana yi musu jagora. Tunda sabo ƙunshi ne da ke tafiya da zarar an kwance bakinsa, wurin da ya fi sauƙin sa hannu shi ne mafarinsa: wayar da aka bari a falo ba ta hana barci a ɗaki, kuma mai ciwon sukari da ba a ajiye lemon kwalba a gidansa ba, ya tsira daga yaƙin da zai yi da kansa da tsakar dare.

Sabon hali kuma a lokacin kwanciyar hankali ake dasa shi, kuma yana ɗaukar lokaci fiye da kwana 21 da ake yayatawa. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da suka zaɓi wani ƙaramin aiki na kullum, kamar shan ruwa bayan karin kumallo ko ɗan tattaki. Matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma ya kama daga 18 har zuwa 254 gwargwadon mutum da nauyin aikin, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wanda ya zame sau ɗaya a ranar tashin hankali bai koma farko ba, sai dai idan an sa masa a rai cewa ya koma. Akwai kuma dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi nazarinta, ta yanke shawara tun kafin lokaci a kan takamaiman yanayi: idan kaza ya faru, zan yi kaza. Amfaninta shi ne ta ɗauke wa sashen goshi aikin yanke hukunci a daidai sa'ar da ya fi rauni.

Duk waɗannan dabaru suna da iyaka, kuma iyakar tana wurin tushen matsin. Ɗaliban Fotugal sun warware ne saboda jarrabawarsu ta wuce, sun sami mako shida na hutu. Magidancin da albashinsa yake ƙarewa kafin tsakiyar wata, da matar da take kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, da wanda yake zaune a sansanin gudun hijira, nasu matsin yana da siffofin nan biyu da suka fi yin ɓarna a gwajin ɓeraye, rashin iko da rashin sanin abin da gobe za ta kawo, kuma babu ranar da aka sa masa ta ƙarewa. Idan jami'in lafiya ya ce wa irin wannan mutum ya sauya abincinsa, ko malamin gona ya ce masa ya bar irin da ya gada ya gwada sabon iri, ana neman ya yi aiki da sashen ƙwaƙwalwar da halin da yake ciki ya fi danne wa. Shirin da ya rage yawan shawarar da mutum zai yanke, ya kawo abin kusa da ƙofarsa, ya ɗaura shi a jikin wani aiki da ya riga ya saba yi kullum, kamar shan magani bayan sallar asuba, ya fi dacewa da yadda ƙwaƙwalwa mai ɗauke da nauyi take aiki fiye da shirin da ya tsaya ga wayar da kai kawai.